Rasuwar Dattijo, Keken Ɗinkina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai huce ba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa karɓar bargo daga hannuna, rasuwar keken ɗinkina, wanda gidan nan ya sani da suna Dattijo. Ya rasu a ɗakin aikina, a gefen taga inda ya yi rayuwarsa, ana gab da fita daga shekara, da aiki a bakinsa. Aikin kuwa bargon Goggo ne, ƙanwar mahaifin maigidana. A lokacin ɗanta yana shirin zuwa ya ɗauke ta da shigowar sabuwar shekara, ta koma wurinsa da zama, can garin da sanyinsa ke shiga ƙashi. Na yi mata alkawarin ba za ta shiga motar nan ba sai da bargonta a kan cinya. A gaban marigayi na yi alkawarin, kuma shi na dogara da shi wajen cikawa.

Marigayi ya zo hannuna daga telar da ta koya mini ɗinki, tun ina budurwa, shi kuwa tun a lokacin ba yaro ba ne. Baƙi ne wuluk, mai ƙafafun ƙarfe, an yi masa zanen furanni ruwan zinariya a kafaɗa, waɗanda tafin hannuna ya goge a hankali har sai da suka zama tarihi. Da ƙafa ake taka shi. Bai taɓa jiran wuta ba, bai taɓa cewa yau ba ya jin aiki ba. Abincinsa ɗigon mai ne a ƙarshen mako, sai a share masa ƙurar auduga daga haƙora. Na zauna da mutane da yawa a rayuwata, ban ga wanda ya kai shi ƙarancin buƙata da yawan amfani ba.

Ba shi da surutu, amma yana da magana. Idan hanya ta miƙe, cewa yake taka-taka-taka-taka, a natse, kamar dattijon da ke tafiya kasuwa ba ya sauri. Idan zaren ƙasa ya kusa ƙarewa sai muryarsa ta yi sako-sako, ya koma tika-tika. Idan na yi gaggawa ya ce gif, sau ɗaya, in ji kunya in sassauta. Duk abin da ya ji a ɗakin nan, da kukana da zagin da na yi wa mutane a bayan idonsu, ya tafi da shi bai gaya wa kowa ba.

Ga wanda bai san sana'armu ba, ni da marigayi bargon ƙyallaye muke yi. Ana yanka tsofaffin tufafi gunduwa-gunduwa, a haɗa su su zama fuska, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa shafi a baya, sannan a bi hawa ukun nan da ɗinki har su zama abu ɗaya. Wahalar tana mahaɗa, inda kusurwoyi da yawa suka taru wuri guda, kauri ya ninku. A nan marigayi yake nuna dattakunsa. Kafin allura ta isa wurin, ta tafin ƙafata yake sanar da ni, matakin ya ɗan yi nauyi. Sai in ɗauke ƙafa, in kama tayar hannu in juya ta a hankali, mu haye tare, ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Shekara da shekaru muna haka, ko allura ba kasafai muke karyawa ba.

Duk hutun ƙarshen shekara, sa'ad da dangi ke taruwa ana miƙa wa juna kyaututtukan kanti, ni bargo nake bayarwa. Tun tsakiyar shekara nake farawa. Ana buɗewa a yi ta yabo, a ce hannuna ba irin na mutane ba ne, a ɗauki hoto. Ni kuma, da yake ba a raba ni da wauta, sai in koma ɗaki in shafa kan Dattijo in ce masa mun fita kunya.

Bana Goggo ce ke da layi. Idonta ya yi rauni, sai dai ta ga duhu-duhun mutum, amma yatsunta sun fi idon wasu gani. Ta sa aka jawo mata akwati daga ƙarƙashin gado, ta ciro rigunan mijinta da ya daɗe da rasuwa, tana shafa kowace tana gaya mini inda ya sa ta. Ta ƙarshe ita ce mai surfani a wuya. Da hannunta ta yi masa surfanin suna amare, ta ce wata guda tana yi tana warwarewa don kada danginsa su raina ta. Ta roƙe ni in sa shi a tsakiyar bargon, daidai inda hannunta zai riƙa sauka idan ta kwanta. Na yanka shi, na kewaye shi da kusurwoyi takwas. Wurin ya fi ko'ina kauri a duk bargon, na bar shi sai ranar da hankalina ke kwance.

Yanzu sai batun jinya, wadda ba ta yi tsawo ba, domin marigayi lafiyarsa lau ya wayi gari.

Na fita sayen zare da ragowar auduga, na bar bargon a bakin allura, na rufe shi da zane. A gida akwai maigidana, da ƙanensa Bakanike, mutumin da hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Duk abin da ke juyawa a duniya, gani yake mota ce da ba ta gama girma ba. Ashe sun daɗe suna ƙulla mini kyautar sabuwar shekara. Wai sun ga ina shan wahalar taka keke, gwiwata tana kumbura, za su sa masa moto, wato ɗan injin lantarki, in huta. Ba wanda ya tambaye ni. Da an tambaye ni ai ba zai zama abin mamaki ba, in ji maigidana, kuma gaskiyarsa, na yi mamaki.

Suka cire masa bel ɗin da ke haɗa taya da mataki. Suka wanke cikinsa da fetur, wai ya yi datti. Suka cusa masa baƙin giris na mota a duk ramin da suka gani, bawan Allah da ɗigon mai ke isarsa. Suka ɗaura moton, suka jona wuta. Sai aka zo gwaji. Ga kwandon ƙyallaye a ƙasa cike fal, wanda ko duka suka cinye ba zan ce uffan ba. Amma Bakanike ya ɗaga zane ya ga aiki a shirye a bakin allura, ya ce ai gara ma su rage mini hanya.

Ina bakin ƙofar gida na ji muryar da ban taɓa ji daga Dattijo ba. Ƙirrrrrrr, babu numfashi, babu tsayawa. Moto ba shi da tafin ƙafa, bai san mahaɗa ba, bai san surfani ba. Kafin in yar da kayan hannuna na ji gif, gif, gif, yana roƙo, babu mai jin yarensa. Sai ƙas. Daga nan ban sake jin komai daga gare shi ba.

Na tarar da su tsaye sun yi tsuru-tsuru, ɗakin yana warin fetur. Allura ta karye gida uku. Haƙoran keken sun ja surfanin Goggo zuwa ciki sun tauna shi, ya yage daga wuya zuwa ƙirji, baƙin giris ya malale a kansa ya ratsa har auduga. Bakanike ya share hannu a wandonsa ya ce dama keken ya tsufa, ƙarfen da ne, ba ya ɗaukar gudu. Maigidana ya ce in duba niyya. Na duba niyyar sama da ƙasa, ban ga inda zan sa mata zare ba.

Mai gyaran keke ya zo washegari, ya kwantar da kan marigayi ya leƙa cikinsa. Ƙarfen da ke riƙe allura ya lanƙwashe, gidan da zaren ƙasa ke zama ya tsage, kuma irin kayansa an daina yi tun tuni. Ya mayar da sukurori ɗaya bayan ɗaya, ya rufe shi da zanen da kansa, ya yi mini gaisuwa. Shi kaɗai ne ya yi mini gaisuwa a makon nan.

Na nemi aro. Keken maƙwabciyata ɗan ƙarami ne na roba, ko hawa biyu ya gani sai ya fara tari. Telolin bakin titi kuwa kayan hutu sun rufe su har wuya, ko ɗaga kai ba su yi ba. Sai na ce to, kada Goggo ta tafi cikin sanyi hannu sake, bari in aro mata ɗaya daga bargunan da na rarraba wa dangi, ta riƙa rufa kafin in gyara nata. Dalilin wannan yawon ne nake iya sanar da jama'a halin da 'ya'yan marigayi suke ciki, domin ya rasu ya bar 'ya'ya da dama.

Ya bar babban ɗansa, mai launin shuɗi da fari, a garejin Bakanike. Shi ake shimfiɗawa a ƙasa idan za a shiga ƙarƙashin mota. Sai da na duba bakinsa na gane ɗinkina, don launin ya daɗe da tafiya. Bakanike ya ce wallahi yana ji da shi, duk garejin babu abin da ya kai shi tare sanyin siminti.

Ya bar 'yarsa mai zanen taurari a gidan Yaya Babba, yayata uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan tana raye, tana cikin ledarta a saman kabad, ba a taɓa warware ta ba tun ranar da aka ɗauki hoto. Na ce a ara wa Goggo. Yaya ta ce haba, abu mai kyau haka a ba tsohuwa ta zubar masa da shayi? Wai tana ajiye shi ne saboda manyan baƙi. Shekarun nan duka babu baƙon da ya kai girman.

Ya bar wani a wurin 'yata ta cikina, wanda na haɗa da rigunanta na yarinta, har da ta ranar da ta fara zuwa makaranta. An ninke shi huɗu a kan tebur ana guga a kansa. Shatin dutsen guga ya fito a jikinsa ya fi a ƙirga. Ta ce Mama ai kullum ina amfani da shi, ba abin da kike so ke nan ba? Na sha ruwa na fito.

Na maigidana kuwa ban sha wahalar nema ba. Yana bayan gida, an lulluɓe janareta da shi saboda raɓa. Na sha wucewa ta wurin, na ɗauka tsohon buhu ne.

Sauran 'ya'yan ba a san inda suke ba. An ce wani ya bi mai aiki ƙauye, wani an ba da shi kyautar biki da sunan daga ƙasar waje aka kawo shi. Duk cikin dangin nan da na yi shekaru ina rufa wa baya, ban samu bargo ɗaya da za a rufa wa tsohuwa ba. Na dawo gida, na zauna gaban gawar na ba ta haƙuri.

Daga nan na koma allurar hannu. Na ciro surfanin daga haƙoran keke zare-zare, da tsinke. Na wanke shi da duk abin da aka ce yana cire giris, baƙin ya dushe amma bai fita ba. Na haɗa yagewar da ɗinki mafi ƙanƙanta da idona zai iya, sai dai inda haƙora suka cinye babu abin haɗawa, dole na tattaro bakin biyu, wurin ya yi tudu. Sauran bargon na bi shi da hannu, hawa uku, ina tura allura da gindin cokali idan ta ƙi shiga. Yatsuna suka kumbura har zobe ya ƙi fita. Maigidana yana leƙowa yana cewa in bari a sayo na kanti mana, duk bargo bargo ne. Ranar da shekara ta juya ana ta hayaniya a falo, ni ina kalmasa baki.

Na gama da safiyar da ɗan Goggo ya iso. An riga an sa ta a kujerar baya, an jera kayanta. Maigidana yana riƙe da ƙofar mota, Bakanike yana ɗaure akwati a sama, su biyun da Goggo ta goya ta yi wa wanka bayan rasuwar uwarsu. Na shimfiɗa mata bargon a cinya. Ta fara bin sa da yatsu daga gefe, tana kiran kowace riga, tana murmushi. Ta ce ɗinkin bana ya fi laushi, Dattijo ya ƙara hankali. Sannan hannunta ya isa tsakiya.

Ta shafa surfanin. Ta dawo ta sake shafawa. Yatsanta ya tsaya a kan tudun, ya bi shi daga sama har ƙasa, yana neman furen da ta yi wata guda tana yi, wanda yanzu rabinsa ne. Ta tambaya a hankali ko haka yake sa'ad da ta ba ni.

Na ɗaga kai na dubi maigidana. Ya dubi tayar mota. Na dubi Bakanike, igiyar da ya riga ya ɗaure ta zama abin da ya fi komai muhimmanci a duniya, ya kwance ta ya sake ɗaurewa. Na jira. Allah ya sani na ba su lokaci. Ni kuma bakina ya ƙi buɗewa in gaya wa tsohuwa, a ranar rabuwa, cewa 'ya'yan goyonta ne.

Goggo ce ta fitar da su. Ta ce af, asu ne. Ta ce laifinta ne, ta bar rigar a akwati shekara da shekaru ba ta shanyawa, ga shi ta bari ƙwari sun ci abin da ya rage mata na mutumin. Ta ce in yafe mata, ta ba ni ruɓaɓɓen ƙyalle na sha wahalar faci. Ta goge ido da bakin bargon, ta sa mini albarka, ta ce in gaida Dattijo, in ɗiga masa mai in bar shi ya huta kwana biyu, ya yi ƙoƙari. Maigidana ya rufe ƙofar a hankali, motar ta tashi.

Saboda haka ana sanar da dangi cewa duk shirin da na yi na sabuwar shekara ya bi marigayi. Bargon jaririn da 'yata ke ɗauke da cikinsa, wanda na riga na yanka ƙyallayensa, yana cikin kwando, mai so ya zo ya ɗauka ya yi guga. Labulen da Yaya Babba ta ce in yi mata, da rigar kujerun da maigidana ya yi wa abokinsa alkawari da bakina, da sabon zanen da na yi niyyar koya, duk an ɗage su zuwa ranar da ba a sa ba. Hutun ƙarshen shekara mai zuwa kowa zai samu sabulu daga kanti, a cikin leda, ya ɗauki hoto da shi.

Game da gado, ana roƙon masu zumuɗi su dakata. Tun gawa ba ta yi sanyi ba Bakanike ya aiko a tambaya ko zan ba shi ƙafafun ƙarfen ya yi teburin aiki, maigidana kuma ya auna katakon teburin keken da ido ya ce zai ɗauki talabijin. Marigayi bai bar wasiyya ba, amma na san ransa. Ba za a raba shi ba. Moton da ya yi ajalinsa yana bakin ƙofa a cikin kwalinsa, masu shi su zo su ɗauka kafin mai shara ya riga su.

Za a yi wa Dattijo sutura ranar Asabar da hantsi, a ɗakin aiki. Zan goge masa giris da hannuna, in ɗiga masa mai kamar yadda Goggo ta ce, in mayar masa da bel ɗinsa, in rufe shi a gefen tagarsa. Ba a buƙatar masu ɗaukar gawa, babu inda za shi. Mai gyaran keke da maƙwabciyata suna iya shigowa su zauna. Sauran dangi za su iya tsayawa a tsakar gida, kuma kada wanda ya zo mini da maganar sabon keke ko maganar niyya.

Goggo ba ta san an yi rasuwar nan ba, kuma ba ni zan gaya mata ba. Kada a karanta mata wannan sanarwa, kada a ba ta labari a waya. Mutum biyu ne kaɗai ke da izinin kai mata, su je da ƙafarsu, su durƙusa a gabanta su faɗi abin da ya ci surfaninta. Har zuwa ranar da za su yi hakan, tana can tana kwana da hannunta a kan tudun nan, tana neman gafarar mijinta a kan laifin da ba ta yi ba.

Sanarwa daga mai ɗakin ɗinki, a madadin kanta ita kaɗai.